Masu Ba da Tallafi, Ku Yarda da Mutanen da Kuke Taimako

Yawancin gidauniyoyin da ke yaƙi da talauci suna da kyakkyawar niyya, ban da ja a kan wannan. Abin da ke damuna shi ne yadda suke sakin kuɗin. Ƙaramar ƙungiya mai aiki a cikin al'umma za ta nemi tallafi, sai a ba ta na shekara ɗaya tal, a gindaya mata sharuɗɗa: kaza na bita, kaza na kayan aiki, albashin ma'aikata da hayar ofis kuwa kada su wuce ɗan abin da ba ya isa. Kafin aiki ya kankama wa'adi ya cika, shugabanninta sun ƙare a rubuta rahoto da cike takardun neman wani tallafin. Talaucin da mutum ya gada kaka da kakanni, ta yaya zai kau cikin wata goma sha biyu?

Shi ya sa za ka ga rijiyar burtsatse da ƙaton allo mai sunan wanda ya haƙa ta, famfon kuwa ya daɗe da lalacewa, don ba a ware ko sisi na gyara ba.

Tushen abin rashin yarda ne. Ana ganin idan aka damƙa wa talaka kuɗi a hannu zai watsar da su. Amma an gwada. A 2014 masu bincike biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan tallafin tsabar kuɗi a ƙasashe da dama, suka gano cewa bai sa mutane ƙara sayen giya ko taba ba. Ƙungiyar GiveDirectly ta shafe shekaru tana tura kuɗi kai tsaye zuwa wayoyin talakawa a Kenya da wasu ƙasashe, mutane na yin rufin kwano, suna sayen dabbobi, suna biyan kuɗin makaranta. Uwar da ke kwana da yunwar 'ya'yanta ta fi kowane ƙwararre sanin abin da gidanta ke buƙata.

Haka ma ƙungiyoyi. Daga 2020 zuwa ƙarshen 2024 attajirar Amurka MacKenzie Scott ta raba sama da dala biliyan 19 ga ƙungiyoyi fiye da 2,000, ba tare da ta ce musu ga inda za ku kashe ba. Gidauniyar Ford ita ma ta ware dala biliyan 1 ga wani shiri mai ba ƙungiyoyi tallafin shekara biyar a jere. Wannan ne ke ba su damar riƙe ma'aikatan kirki da yin tsari mai nisa.

Sai batun giɓin da ke tsakanin masu kuɗi da talakawa, wanda masu bayarwa ba sa son taɓawa. A Amurka doka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu kashe kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu a shekara, sauran yana nan a jari yana haihuwa. Ni dai ina ganin attajirin da ke danne haƙƙin ma'aikatansa ko yake kauce wa haraji, sannan ya dawo yana rabon agaji, ya ɗebi da yawa ne ya mayar da kaɗan. Gidauniyar da da gaske take ta tallafa wa masu fafutukar albashi mai kyau da asibitocin gwamnati masu aiki, ta kuma sa mutanen da take taimako a cikin kwamitin da ke yanke shawarar inda kuɗin za su je.