Gina Gida Daban, Riƙon Gida Daban

Makon jiya na je gaisuwa wani gida a bayan unguwar Arkilla a Sakkwato, na fito raina a ɓace. Gida sabo, bai wuce shekara huɗu ba, rufin kwano ya yi tsiri sama kamar zai taɓa gajimare, gilashi ta ko'ina. Amma ciki? Silin ya jiƙe ya rufto, na'urorin sanyaya ɗaki duk sun mutu, famfo ba ruwa, iyali sun shimfiɗa tabarmi a garejin mota saboda ɗakunan ba su zaunuwa.

'Yan'uwana samari, wannan ɗabi'a ta ishe ni. Mutum zai zauna da magini ya lissafa bulo, rodi, buhun siminti nawa zai ɗauko daga kamfanin siminti na Kalambaina, har fentin ƙofa. Amma ko sau ɗaya ba zai tambayi kansa ba: bayan na tare, nawa gidan nan zai riƙa ci duk wata? Sayen doki rana ɗaya ne, harawa da dusa kuwa kullum ne.

A Sakkwato muke fa! Garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ka manna gilashi yana fuskantar yamma, ka sare darbejiyar da ka tarar a filin, ka shafe tsakar gida da siminti, ka ce ai akwai AC. Da wace wuta? A Afrilun 2024 an ɗaga wa masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin kowane yunit zuwa naira 225. Ka ce janareta, alhali cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, bai kuma tsaya nan ba. Ka ce sola, to batir ba ya ƙaunar zafi, 'yan shekaru kaɗan sai sabo, ga ƙurar hunturu tana rufe faifan. Famfon burtsatse zai ƙone. Shadda za ta cika. Iskar farkon damina za ta gwada wannan dogon rufin naka, gara kuma tana aikinta a katako ba ta da hutu. Ga kuɗin ƙasa, ga maigadi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Kuma duk don me? Don a ɗauki hoto a saka a Facebook, a ce wane ya gina. Cutar da ta sa ake cin bashi a haɗa lefen akwati goma sha biyu ita ce dai. Kitse ake gani, rogo ne a ciki.

Ku ji tsoron Allah, ku yi daidai ruwa daidai tsaki. Ku zauna da waɗanda suka daɗe da gida ku tambaye su abin da yake ci.

Iyayenmu sun yi gini da jan ƙasa da azara, bango mai kauri, soron da ke da sanyi da tsakar rana ba tare da waya ko ɗaya ba. Kafin damina maigida zai hau rufi da kansa ya duba indararo, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, maƙwabta su taya. Yau yaro na kallon tsagewa a bangon gidan ubansa shekara uku, bai san ma wa zai kira ba, maginan da suka iya wannan aikin kuma sai ƙarewa suke yi.