Mahaifinmu ba "notorious" ba ne

Daren jiya ƙanena ya turo mini takardar neman gurbin karatu da ya rubuta da Turanci, wai in duba masa kafin ya aika. Ina kaiwa layi na uku na tsaya cak. Ya rubuta cewa mahaifinmu "notorious trader" ne a Kantin Kwari. Na kira shi na ce, kai, me Baba ya yi maka? Ya ce, "Yaya, ai ma'anarsa ɗaya da famous. Kwamfuta ce ta ba ni, na ga ya fi nauyi." Bawan Allah ya shekara 30 yana sayar da atamfa da shadda da mutuncinsa, rana ɗaya ɗan cikinsa ya sa shi a sahun ƙasurguman ɓarayi. Famous shahara ce, notorious kuwa ƙaurin suna. Da Hausa ko yaro ba zai haɗa su ba.

Ban ga laifinsa sosai ba, don haka aka koya mana. Duk wanda ya yi shirin WAEC ko JAMB ya san zaman haddar nan: big, large, huge, enormous, a jere kamar buhunan masara, a ce mana duk ɗaya ne. Alhali ita kanta takardar jarrabawar ba ta ce ɗaya ba ne. Abin da take rubutawa shi ne "nearest in meaning", wato wadda ta fi kusa. Kusa ta ce. Mu ne muka ƙarasa mata zancen.

Ra'ayina shi ne da wuya ka sami kalmomi biyu a Turanci da za ka cire ɗaya ka sa ɗaya a ko'ina ba tare da wani abu ya motsa ba. Big brother yayanka ne, large brother kuwa ɗan'uwa ne mai ƙiba. Ka ce wa mace slim ta ji daɗi, ka ce mata skinny ka ja wa kanka magana, alhali siririya ce a duka biyun.

Dalilin yawan kalmomin nan yana cikin tarihi, kuma shi ne ɓangaren da na fi jin haushin rashin koya mana. A 1066 Wiliyam na Nomandi, wani yanki na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, Latin yana coci da wajen malamai, Turanci kuma ya rage a bakin talakawa. Da harsunan suka cakuɗe, tsofaffin kalmomi da yawa ba su mutu ba, sai kowace ta kama matsayinta. Shi ya sa ake da ask ta gida, da question daga Faransanci, da interrogate daga Latin. Uwa takan yi ask, ɗan jarida ya yi question, ɗan sanda ya yi interrogate. Haka kingly da royal da regal. Har a tukunya abin ya shiga: dabbar tana kiwo sunanta cow ko sheep ko calf, da Turancin makiyayi, in ta iso faranti ta koma beef ko mutton ko veal, daga Faransancin masu gida.

Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan, tunda abin da Larabci ya yi wa Hausa ke nan. Akuya mutuwa take yi. Mutum rasuwa yake yi, ko a ce ya riga mu gidan gaskiya, babban malami kuma a ce ya yi wafati. Je ka gidan makoki ka ce "na ji tsohon ya sheƙa barzahu" ka ga yadda za ka fito. To haka die da pass away da kick the bucket suke a kunnen Bature. Ƙamus zai ce maka duk mutuwa ce, kuma bai yi ƙarya ba.

Kishiyoyin kalmomi ma ba iri ɗaya ba ne. Hot da cold akwai ɗumi a tsakaninsu, dead da alive babu tsaka-tsaki. Sai kuma irin buy da sell, ko borrow da lend, inda aiki ɗaya ne ake kallonsa daga ɓangare biyu. A nan ne muke yawan faɗuwa da "borrow me your biro", kuma ina ganin ba daƙiƙanci ba ne. Kowane harshe da inda ya ja layinsa. Hausa ta damu da abin da aka karɓa: in shi kansa za a mayar, kamar keke ko tsani, aro ne, in kuwa madadinsa za a biya, kamar kuɗi ko mudun gero, rance ne. Turanci bai damu da wannan ba ko kaɗan, tambayarsa kawai wa ya bayar, wa ya karɓa. Da malami zai yi wa yara wannan bayani na minti biyar, da ya huta da jan biro.

Wani abin ma sai dariya. An koya mana cewa in- a gaban kalma tana juya ma'ana, kamar correct da incorrect. Sai ka bi bayan tankar mai ka ga an rubuta "Highly Inflammable", ka ɗauka ba ta kama wuta. Flammable da inflammable abu ɗaya ne. Invaluable kuma ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce kima ne. Sanction ita kaɗai tana nufin amincewa tana kuma nufin takunkumi, sai jimla ta raba gardama.

Ko mutumin da ya fito da shahararren littafin nan mai jera kalmomi masu kusancin ma'ana, wato thesaurus, Peter Mark Roget, likita ɗan Ingila, da ya buga shi a 1852 bai bi tsarin abacada ba. Ya kasa kalmomin ne rukuni-rukuni har 1,000 bisa ma'ana, don marubucin da ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ɓace masa ya tuno ta. Littafin tuni ne ga wanda ya riga ya san kalmar. Mu kuma muka mayar da shi kantin sayen dogon Turanci, muna zaɓen wadda ta fi tsawo don a ce mun iya.

Na ce wa ƙanen nawa ya goge ya sa well-known, sannan duk kalmar da bai taɓa ganinta cikin jimla ba kada ya sake ɗora ta a kan kowa, balle Baba. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, a sakin layi na biyu na ce ni mutum ne childish, saboda ina son yara. Shi ma in cire?"