Iska Ce, In Ji Alhaji

A Ƙofar Nassarawa Corollar nan ta yi mini tsiya, ana tsaka da cunkoso. Na taka kuloci ya tafi ƙasa ya yi kwanciyarsa, giya ta ƙi shiga, 'yan adaidaita sahu suka wanke ni tas da hon da baki. Da aka janyo ta gida na leƙa, sai ga kulocin ƙasa, wato ɗan famfon kuloci da ke jikin giyabos, ya jiƙe sharkaf, mai na tsiyaya ta bakin robarsa. Bakanikena ya tafi ɗaurin aure garinsu. Na ce yo ai noti biyu ne da bututu ɗaya. Na hau mota zuwa Ƙofar Ruwa, na sayo sabo da gorar man birki DOT 3.

Ɗaurawa ba ta ci mini rai ba ko kaɗan. Sifana lamba 12 ta kwance notunan, lamba 10 ta kwance bututun mai, sabo ya zauna daram a jikin giyabos. Ku riƙe wannan, domin duk masu yawo da labarin yanzu ba wanda yake wurin a lokacin.

Saura cire iska. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka muddin akwai ta a bututu, in ka taka kuloci ita kake dannawa, giya ba ta san kana yi ba. Aikin mutum uku ne. Ɗaya ya yi ta takawa sannan ya riƙe. Ni a ƙasa in buɗe nipul, ɗan notin fitar da iska, da lamba 8, mai da kumfa su bi ɗan tiyo su faɗa gora, in rufe, sannan a saki. Na uku aikinsa guda ne tak: ya sa ido a kan ɗan kofin mai da ke sama, wanda bai kai kofin shayi ba, kar ya ƙafe.

Ƙanin maman yara na sa a kujerar direba. Kofi kuwa Alhajin layinmu ne ya karɓa da bakinsa, ban roƙe shi ba.

Kun dai san Alhaji. Tun da ya yi ritaya daga tuƙin ma'aikata ba a taɓa buɗe bonet a layin nan babu kansa a ciki ba. A wajensa mota ɗaya aka taɓa yi a duniya, Fijo 504 haɗin Kaduna, sauran duk gwangwani ne. Shi ne ya ari tsanina zai gyara indararo, ya dawo da shi babu mataki ɗaya, ya kuma rantse haka ya karɓa. Har yau in zan hau rufi sai na yi tsalle a tsakiya. Ban taɓa yi masa maganar ba saboda girmansa, amma duk sanda na gaishe shi, matakin nan nake gani a goshinsa.

Na shimfiɗa kwali na shige ƙasa. Da farko abin gwanin sha'awa. "Taka! Taka! Riƙe!" Daga sama a ce, "Na riƙe, Yaya." In buɗe, kumfa ta fito, in rufe. Can sai mai ya daina zuwa. In buɗe, sai fuuu. In sake, fuuu.

"Iska ce," in ji Alhaji.

Na ce, "Na sani, Alhaji, ita muke cirewa."

Aka idar da La'asar, 'yan majalisa suka ɗauko bencinsu daga gindin darbejiya suka dasa shi a ƙofar gidana. Ni ƙafafu kawai nake gani, silifa da takalma sun yi mini zobe. Alhaji ya samu jama'a. Ya shiga ba su labarin yadda man birki ya ƙare musu a dajin Birnin Gwari, suka kaɗa ruwan omo suka zuba, suka iso Kaduna lafiya lau. Duk sanda na buɗe nipul ya ji fuuu, sai ya tsagaita ya ce, "Kun ji ko? Iska ce," ya ɗora daga inda ya tsaya. Ƙanin maman yara ya fara kukan cinyarsa ta sage. Wani ya ce jabu aka sayar mini. Wani ya ce kulocin sama ne ya mutu tun farko, asara kawai na yi.

Sai ga wasu ƙananan ƙafafu baƙi ƙirin da baƙin mai, cikin silifa wari da wari. Yaron gareji ne, da galan a hannu, an aike shi. Ya tsaya ya leƙa.

"Baba, kofin nan fa ƙaf yake."

Wuri ya yi tsit. Ashe gorar man tana hannun Alhaji tun ɗazu, da ita yake nuna yadda hanyar Birnin Gwari ta yi kwana. Ban da zubin farko da na yi da hannuna, ko ɗigo bai ƙara ba. Wato duk tsawon yammacin nan iskar Kano muke zuƙowa ta sama muna fitarwa ta ƙasa.

Alhaji ya ce, "Ai shi nake shirin faɗa."

Yaro ya karɓi gora ya cika kofi. Nan ne fa. Nipul a buɗe yake, tiyo ya zame, ni kuma na ɗago kai zan ce a dakata. Alhaji, don kar a ce girma ya faɗi, ya daka tsawa: "Kai, taka!" Wannan da ya ce cinyarsa ta sage ya shiga dannawa da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Farko tari, sai kumfa, sai mai tsuuu, daga goshi zuwa gemu. Allah ya taimake ni na runtse ido. Na zabura, kaina ya gwaru da ƙarfe, ƙum, har 'yan benci suka haɗa baki, "Subhanallahi!" Amma na ji muryar wanda ya fara dariya, kuma na gane shi.

Na fito da rarrafe ina lalube, ana zuba mini ruwan buta a fuska, gemu na ɗiga. Yaron nan ya dube ni ya ce, "Oga, kawo sifanar." Yaron da bai kai ɗana na biyu ba. Na miƙa masa. Ya shige, ya ce taka, riƙe, saki, yana fitowa yana duba kofi da kansa. Kafin kiran Magariba kuloci ya yi tauri.

Ya tambaya wa ya ɗaura sabon. Na ce ni ne, da ɗan ƙarfi don benci ya ji.

"Ba laifi," in ji shi, ya ɗauki galansa.

Washegari na tarar da zagaye a fentin gefen mota, daidai inda Alhaji ya dire gorar, fenti ya kumbura ya tashi. A masallaci kuma na ji yana gaya wa ladan tun farko shi ya gano iska ce. Ragowar man ma yana gidansa, wai ya adana mini.