Ranar da na haɗa taron yaƙi da kaɗaici

Lokacin kullen korona a 2020 ni ne wakilin ajinmu a jami'a, sai na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni: haɗa kan ɗalibai ɗari uku da 'yan kai da ke zaune a gida, kowa ya zuba wa bango ido.

Da guruf na WhatsApp na fara. A lokacin mutum 256 kawai yake ɗauka, dole na buɗe biyu. Kafin kwana uku 'yan guruf na biyu sun yanke hukuncin cewa a na farko ake raba bayanan jarrabawa, su kuwa 'yan bora ne. Kiran bidiyon WhatsApp kuma a lokacin mutum takwas ne iyaka. Na ce to, mu koma Zoom.

Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma minti 40 yake bayarwa. Na san da wannan. Abin da ban lissafa ba shi ne ɗakin jira. Duk wanda ya zo sai na danna na shigo da shi, haka minti goma sha biyu suka tafi ina gadin ƙofa. Ban kuma saita taron yadda kowa zai shigo da makirufo a kashe ba, don haka muka sha kukan jarirai, zakara, da wata uwa tana tambayar ɗanta ko da aljanu yake magana. Wasu biyu kuma suna ɗaki ɗaya, kowa da wayarsa a buɗe. Lasifikar wannan na zuba sauti cikin makirufon wancan, ƙara na zagayawa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Maganinsa ɗaya ya kashe sautinsa gaba ɗaya, ko su sa abin kunne.

Cikin fushi na kashe makirufon kowa, na kashe nawa ma don in yi tsaki. Na manta ban kunna ba, na zuba jawabin minti shida kan zumunci, har da ɗaga yatsa. Ina ganin suna ɗaga hannu na ɗauka jinjina ce. Sai saƙo ya faɗo: "Shugaba, ranka ya daɗe, bakinka kawai muke gani."

Wata ɗaliba ta fara cewa, "Gaskiya ni abin da ya fi damuna a zaman nan shi ne..." Ɗif! Minti 40 sun cika. Har yau ba mu san mene ne ba.

Mako na biyu na shirya. Na sanar tun farko cewa in ya yanke a koma ta adireshin nan dai. Na kunna ƙananan ɗakuna, wato tsarin Zoom na raba mutane rukuni-rukuni, wanda sai an shiga saitin asusu a shafinsu kafin taro, ba a tsakiyarsa ba. Mutum biyar-biyar, minti ashirin, tambaya ɗaya tak, domin a taron mutum tamanin uku ne ke magana, saura 'yan kallo.

Na danna, kowa ya ɓace zuwa ɗakinsa. Ashe mai masaukin baƙi ba a jefa shi ko'ina, shi ake bari a babban zaure. Ban san zan iya leƙa su ba. Minti ashirin na yi ina kallon fuskata, har na lura gemuna ya karkace ta hagu.

Suka dawo suna ƙyalƙyala dariya, har sun yi wa juna laƙabi. Ɗaya ya ce, "Shugaba, kai wane ɗaki aka kai ka?"

Na ce intanet ɗina ne ya ɗan samu matsala.