Wai "ai rassa suna nan"

Wanda ya rubuta min "meye namu a ciki, ai rassa suna nan" a ƙarƙashin labarin haɗewar bankunan Unity da Providus, Allah Ya ƙara basira. Har da ƙarin bayani wai a zamanin intanet hedikwata ba ta da gari, in dai da waya a hannunka ko a Dawanau kake za ka tura kuɗi. Sannu da ƙoƙari, masanin tattalin arziki. Abin da ya fi ƙona min rai ma masu mara masa baya ne, don na leƙa shafukansu, yawanci 'yan Kano ne masu digiri a aljihu, kullum suna yawo da ambulan ana ce musu a dawo wani satin.

To ku saurara. Garin da ake sa hannu, shi ke cin kuɗin. Reshe tarawa yake yi, hedikwata ke kashewa. In kun ga dama ku kira ni mai ƙabilanci, na saba.

Yaran yanzu ba su san Kano ta taɓa riƙe hedikwatar banki sukutum ba. Bank of the North tun 1959 aka kafa shi, zamanin Sardauna, daga baya jihohin Arewa suka gaje shi, kuma daga Kano ake juya shi. A 2004 Soludo, yana gwamnan Babban Banki, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005 ko ya san inda dare ya yi masa. Bankuna 89 suka koma 25. Namu bai iya kai kansa gaci shi kaɗai ba, aka cusa shi cikin gayyar bankuna tara, har da Tropical Commercial Bank, shi ma ɗan Kano, aka haifi Unity a 2006. Hedikwata ta tashi zuwa Abuja, daga can ta zarce Legas. Ginin tsohuwar hedikwatar har yau yana tsaye a Kano. Gini bai je ko'ina ba, Malam, kana da gaskiya. Alƙalamin ne ya tafi.

Kuma da alƙalami ya tashi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Manajan darakta da manyan manajoji sun bi shi. Sashen shari'a, sashen binciken kuɗi, sashen bayar da rance, sashen ɗaukar ma'aikata, masu kula da kwamfuta, duk sun bi shi. Su ne masu albashin da ke kama gida a Nassarawa GRA, su sa 'ya'ya a makarantar kuɗi, su ɗauki direba da maigadi da mai aiki, su kai mota gareji, su yi ɗinkin sallah kala biyar. Me aka bar mana? Manajan reshe, kashiya, maigadi, da 'yan matan da ake ɗauka aikin kwantiragi a ɗora musu adadin ajiyar da za su kawo kowane wata, in ba su kawo ba a sallame su. Shi ne "rassa suna nan" ɗin naka.

Akwai wani dattijo mai maɗaba'a da na sani, yanzu katin biki da fostar 'yan siyasa yake bugawa. Da can, in watan Oktoba ya kama ba ya barcin kirki, don aikin kalanda da littafin ajiya da takardun cike-cike na banki ya sauka. Injin yana ƙara har asuba, yara masu naɗe takarda a zaune a tabarma, mai shayin bakin layi ba ya tashi sai ya ga sun kashe fitila. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce aikinsa ya lalace. Mai ba da kwangilar ne ya koma wani gari, shi kuma ɗan Adam wanda yake gani yake ba wa aiki. Yau kalandar da ke rataye a reshen unguwarku a Legas aka buga ta, a mota aka kawo. Haka lauyan da ke rubuta yarjejeniya, haka kamfanin akantoci, haka mai talla, haka mai inshora, haka otal ɗin da ake taron shekara. Ba a lissafa su cikin waɗanda suka rasa aiki, don ba sa cikin takardar albashin kowa. Shiru kawai suka yi, suka rage yara.

Sai maganar rance, wadda ita ce ta fi ciwo. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana juya kuɗin da wani kamfani mai gilashi a Victoria Island ba ya juyawa a shekara. Manajan reshe ya san shi, ya san ubansa, ya san ba ya cin bashi. Amma manaja ba shi da ikon amince masa da abin kirki, iyakarsa ya haɗa fayil ya tura sama. A can fayil zai faɗa hannun wani matashi mai lura da haɗarin bashi wanda bai taɓa taka Kwari ba, bai san yadda ake ba da dila goma a kan amana a biya bayan sallah ba. Zai nemi takardar shaidar mallakar fili, ya nemi lissafin shekara uku da akanta ya tantance, ya ga an rubuta Kano ya tuna labaran da yake ji a rediyo, ya tura fayil gefe. Kafin amsa ta dawo lokacin kaya ya wuce. Ajiyar Alhajin kuwa ba ta jira ba, daren ranar ta shiga asusun banki, an ba wani rance da ita a inda masu sa hannu suke gani da idonsu. Ban ce yaron mugu ba ne. Wanda bai san ka ba ba zai yi maka alƙawari ba, shi ke nan.

Na san abin da za ku ce. "Ai mu muka kashe bankin da hannunmu, manya suka ci bashi suka ƙi biya." Na ji, kuma ban zo wanke kowa ba. Amma bankunan Kudu nawa ne suka yi rashin lafiya irin wannan aka yi musu magani suna kwance a garinsu? Don mai gida ya yi ɓarna sai a ce gidan ma ba shi da amfani? Wani kuma zai ce kasuwa ce, kuɗi inda riba take yake zuwa. Madalla. To me ya sa in gwamnanku zai gina gadar sama ba kwa ce masa kasuwa ce?

Ku zo kan haraji ku gani, tunda lissafi kuke so. Harajin albashi jihar da ma'aikaci yake zaune ke karɓa. Babban manaja guda da ya tashi daga Kano ya koma Ikoyi, harajinsa ya fi na kashiya da yawa a haɗe, kuma daga ranar Legas ke ci. Harajin VAT na sayen kaya ma haka aka daɗe ana yi kafin a sauya doka: cikin rabon jihohi, kashi 20 cikin ɗari an riƙa bayarwa ne bisa inda kuɗin ya fito, inda ya fito kuwa a takarda shi ne inda hedikwata ta biya. Ka sa katin waya a Gezawa, a rubuta Legas ce ta samar. Sai da rigimar dokar haraji ta taso a ƙarshen 2024 gwamnoninmu suka farka suna taro a Kaduna, kamar ranar aka fara. Shekara nawa ana yi suna ina?

A watan Janairun 2024 da aka ce hedikwatar FAAN, hukumar filayen jiragen sama, da wasu sassan Babban Banki za su tashi daga Abuja su koma Legas, kowa ya zama zaki. Sanata Ndume ya fito talabijin, ƙungiyar dattawan Arewa ta ACF ta fitar da sanarwa, Facebook ya kama da wuta. Ashe dai kun san hedikwata ba gini ba ce! Kun sani sarai in ta gwamnati ce, don can ne ake cusa ɗan wane da ƙanin wance. Amma ta kasuwa, wadda ke ciyar da mai maɗaba'a da tela da mai shayi, ta fice daga Kano ba wanda ya yi ko tari. Kuma a tuna, Abuja aka yi wa wannan kukan, ba Kano ko Kaduna ba.

Tsakani da Allah ba na jin haushin Legas. Ta yi abin da gari mai hankali ke yi, ta riƙe abin da ya shigo hannunta. Tashar jiragen ruwa tana can, kasuwar hannun jari tana can, duk wanda kake son gani a harkar kuɗi yana can. Aliko Dangote ɗan Kano ne, Abdussamad Rabi'u ɗan Kano ne, hedikwatar Dangote da ta BUA duk suna Legas, kuma in ka zauna da su za su kawo maka dalilai masu ƙarfi. Bankunan Jaiz da TAJ, waɗanda 'yan kasuwarmu suka runguma hannu bibbiyu saboda gudun kuɗin ruwa, Abuja suka zauna. Ni tambayata ga masu mulkinmu ce: wane ne a cikinku ya taɓa zama da mai kamfani ya ce me kake buƙata ka bar ofishinka a nan? Wuta? Fili? Tsaro? Kotun da za ta yanke shari'ar kasuwanci kafin mai ƙara ya tsufa? Kamfanonin jiragen sama su Max Air da Azman da suka ajiye hedikwata a Kano, Allah Ya saka musu, amma me aka yi musu da zai sa na gaba ya kwaikwaya? Abin da muka iya shi ne aika masu karɓar haraji kala-kala su rufe wa mutum ƙofa da kwaɗo.

Ina tausayin yaranmu, wallahi. Yaro ya karanta aikin akanta a BUK, ya fita da sakamako mai kyau, a garinsu iyakar abin da zai zama shi ne manajan reshe, shi ma in ya yi sa'a. In yana son ya wuce nan dole ya tattara ya tafi, ya yi aure can, 'ya'yansa su tashi Hausa tana yi musu wuya. Wanda ya ƙi tafiya kuma ga shi nan a bakin titi ƙarƙashin lema da na'urar POS, yana yi wa bankin da ya ƙi ɗaukarsa aiki kyauta.

Su kuma waɗanda suka tafi sai ranar ɗaurin aure muke ganinsu. Ku je filin jirgin Malam Aminu Kano ranar Juma'ar da ɗan wani babba zai angwance, ƙananan jirage har ba wurin ajiyewa, kafin la'asar duk sun tashi. Wannan ma wata magana ce da nake son mu yi: wa ya ba mutum izinin rufe titi guda don yana aurar da 'ya? Makon jiya mai adaidaita sahu ya sauke mu da tafiya mai nisa a gaba, da wata tsohuwa da jikanta za su asibiti, wai manyan baƙi za su wuce. Ko goron ɗaurin auren ba mu gani ba.