Rahu Kalam: kalandar bango ba ta san ƙarfe nawa rana ta fito ba

A gidaje da shagunan Indiya, musamman a kudu irin su Tamil Nadu, za ka ga kalanda a bango an rubuta: Litinin, Rahu Kalam 7:30 zuwa 9:00. Rahu Kalam, wato lokacin Rahu, wani ɗan lokaci ne a kowane yini da ake ɗauka na rashin sa'a. Mabiya addinin Hindu da yawa ba sa fara sabon abu a wannan tsakanin, ko tafiya ce, ko buɗe shago, ko sa hannu a yarjejeniya. Aikin da aka riga aka fara kuwa, a ci gaba da shi ba laifi.

Ni dai a ganina, wanda ya riƙe wannan jadawalin kaɗai ya riga ya saki lissafin. Ga yadda ake yi: a ɗauki tsawon yini daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a garin da kake, a raba gida 8. Rahu Kalam na Litinin shi ne kaso na 2, Asabar na 3, Juma'a na 4, Laraba na 5, Alhamis na 6, Talata na 7, Lahadi na 8. Kaso na farko ba ya cikin rabon Rahu ko kaɗan.

To, 7:30 ɗin can ya dogara ne da cewa rana tana fita 6:00 ta faɗi 6:00. A Delhi cikin Disamba sai wajen 7:10 take fitowa, ta faɗi kusan 5:30. Yinin bai kai awa 10 da rabi ba, kowane kaso minti 77 ne ko kusa. Rahu Kalam na Litinin ya koma kusan 8:27 zuwa 9:45. Mutum ya jira har 9:00 ya fita da murna, alhali yana tsakiyar abin da yake gudu.

Ƙari a kan haka, Indiya agogo ɗaya take bi, amma Kolkata ta riga Mumbai ganin rana da kusan awa guda. Kamar wanda ya ɗauki jadawalin sallar Maiduguri ya je yana bi a Legas.

Shi kansa Rahu ba tauraro ba ne da za a hango da ido, wuri ne da hanyar wata ke ratsa hanyar rana, inda husufi ke aukuwa.

Lokacin da mabiya Hindu suke ɗauka mai albarka, Abhijit, shi ma da fitowar rana da faɗuwarta ake lissafa shi: a raba yini gida 15, a ɗauki na 8, kimanin minti 48 kewaye da tsakar ranar garin, ba 12:00 na agogo ba. Ranar Laraba da yawa ba sa lissafa shi.