Mu Daina Karanta Asiya A WhatsApp Kawai

Jama'a ina da wata magana akan masu karatun shari'a da kimiyyar siyasa a jami'o'inmu, musamman waɗanda suke zaɓar haƙƙin ɗan Adam a matsayin fannin da zasu ƙware. Kusan duk wanda ka tambaya zai jero maka juyin juya halin Faransa, zai kawo maka takardar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, in ya matsa sosai ya taɓo Afirka ta Kudu da Ruwanda, shikenan an tashi. Nahiyar da ta ɗauke fiye da rabin mutanen duniya kuwa sai dai a bar wa bidiyon WhatsApp, a turo maka ana kuka, kace Allah ya isa, ka tura wa wani group, gobe an manta.

Ni a ganina ya kamata ace akwai kwas guda cur akan Asiya, kuma a fara da Rohingya, Musulmi 'yan tsiraru na ƙasar Myanmar.

Mafi yawanmu 2017 muka fara jin sunansu, lokacin da sojojin Myanmar suka afka wa jihar Rakhine a watan Agusta, mutum sama da dubu 700 suka tsallaka Bangladesh da ƙafa da kwale-kwale, yau Kutupalong dake yankin Cox's Bazar shine sansanin gudun hijira mafi girma a duniya. To amma wanda ya zauna ya karanta zai gane tun 1982 aka gama dasu, da biro, ba'a ko harba bindiga ba. Dokar zama ɗan ƙasa ce aka yi wadda ta jingina komai akan ƙabilun da gwamnati ta yarda 'yan asali ne, daga baya aka ce su 135, babu Rohingya a ciki. Mutum an haife shi a garin, kabarin kakansa yana garin, amma a takarda baƙo ne ɗan Bengali. Daga nan sai tafiya zuwa wani gari ta zama sai da izini, aure sai da izini, makaranta da asibiti sai an ga dama. Duk wanda ya taɓa bin layi a sakatariyar ƙaramar hukuma yana neman takardar indijin aka ce masa ai ku 'yan cirani ne alhali a nan aka yanke masa cibiya, ya ɗan san ƙanshin abin, duk da dai nesa ba kusa ba. Wannan shine abinda ɗalibi zai samu a aji wanda bidiyo bazai taɓa bashi ba.

Kuma waye ya kai ƙara? Ba Saudiyya ba, ba Pakistan mai nukiliya ba. Gambiya ce, 'yar mitsitsiyar ƙasar nan ta yammacin Afirka, ta shigar da Myanmar a kotun duniya ta Hague a Nuwamban 2019 bisa yarjejeniyar hana kisan kiyashi, da goyon bayan ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. Ministan shari'arsu na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya yi aiki a kotun da ta binciki kisan Ruwanda, ya je sansanin da kansa ya saurari mutane, ya gane irin labarin da ya saba ji ne. Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin Myanmar a lokacin, mai lambar Nobel ta zaman lafiya ita ta tashi takanas taje ta kare sojojin a watan Disamba, kotu ta bada umarnin wucin gadi a Janairun 2020 cewa a kare rayukan waɗanda suka rage, sannan a Fabrairun 2021 sojojin da ta kare suka kifar da ita suka ɗaure ta. Wallahi wannan kaɗai ya isa darasin zango guda.

Wani abu da yake ban mamaki, mu nan muna da hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a Banjul, muna da kotunta a Arusha, ga kotun ECOWAS a Abuja, duk da rauninsu dai akwai inda talaka zai kai kuka. Asiya bata da kotun haƙƙin ɗan Adam ta nahiya ko ɗaya. Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN, ta kafa wata hukuma a 2009 amma ƙa'idarsu ita ce kowa ya ji da gidansa, ba shiga sharo ba shanu. A shekarun 1990 shugabanni irin su Lee Kuan Yew na Singafo da Mahathir na Malesiya sun riƙa cewa su al'adarsu daban, zaman lafiya da ci gaba suna gaban 'yancin mutum ɗaya. Ba shirme bace gaba ɗaya wannan maganar, kuma shugabanninmu ma suna son irinta, shi yasa ya kamata ɗalibi ya iya warware ta da hujja.

Sai dai fa kwas ɗin zai yi ɗaci, don ba kullum ne mu ake zalunta ba. A Agustan 2022 ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto akan Musulmin Uighur na yankin Xinjiang a China, a Oktoba aka nemi kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya tattauna kawai, tattaunawa fa, aka kayar da ƙuri'a 19 da 17, kuma cikin masu cewa a'a akwai Pakistan da Indonesiya da Katar da Daular Larabawa. A Afghanistan Taliban ta rufe wa mata jami'a a Disambar 2022. Ga tsarin kafala a ƙasashen Larabawa, mai ɗaure ma'aikaci baƙo a hannun wanda ya ɗauke shi aiki, wanda 'yan uwanmu mata dake tafiya aikatau sun fi kowane farfesa saninsa, uwar ɗaki ta riƙe fasfo, wata uku babu albashi, kuma in kika gudu ke ce mai laifi. Wannan ma Asiya ce, don mutane suna mantawa Saudiyya a can take.

Malamai masu tsara manhaja, don Allah ko na zaɓi ne a saka shi a aji huɗu. In kuma akwai jami'ar da take yi tuni, ku faɗa min wace ce, ina da ƙanwa da zata cike JAMB bana.